Bangon da Ba Shi da Tsaga

Shekara arba'in da ɗaya ina durƙuso
a banɗakin nan na hawa na uku, a Matosinhos,
kuma ba don addu'a ba.
Tsohon burushin haƙori a hannu,
ruwan bilic yana cin farcena,
ina bin layin da ke tsakanin tayil da tayil
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Abílio ne ya jera su, mijina,
shuɗi da fari, ɗari biyu da goma sha shida.
Na ƙirga. Mai wanke abu shi ya san adadinsa.
A ƙasar nan kowa na tinƙaho da tayil,
coci ya sa, tashar jirgi ta sa,
baƙi na ɗaga waya suna ɗauka,
ba wanda ya taɓa tambayar wa ke goge tsakaninsu.

Iskar teku ba ta barin bango ya bushe.
In kankare fumfuna ran Asabar,
kafin Laraba ta dawo baƙi ƙirin
kamar bashin da aka biya rabi.

Bana gwiwa ta ce ta gama.
Likita ya ce, Dona Graciete, ki daina durƙuso.
Na ce, to zo ka gaya wa bangon.

Jikata Benedita ce ta kai ni kanti.
Yaron wurin, Telmo, ko gemu bai gama tsiro masa ba,
ya baza samfura kamar mai tallan yadi.

Ga gilashi, in ji shi, falle guda,
sai dai kowane ɗigon ruwa zai bar sawunsa.
Na ce madubi ɗaya nake da shi, kuma ya ishe ni tsegumi.
Ga marmara, sanyi da nauyi,
amma tana shan ruwa, duk shekara sai an shafe ta da magani.
Na ce na yi jinyar mutum wata goma sha huɗu,
ba zan yi jinyar dutse ba.
Siminti mai sulɓi? Kyakkyawa, in mai shafen ya iya.
In bai iya ba fa?
Telmo ya dubi takalminsa.
Wata siririyar roba na danna ta da yatsa, ta loɓa.
Araha ba ta ado.

Can ƙasa ya zaro wani farin allo mai kauri,
wai akirilik.
Falle uku, ba mahaɗi sai a kusurwa.
Tsumma da sabulu, shi ke nan. Ban da soson ƙarfe.
Na shafa tafina daga sama har ƙasa,
ban ci karo da komai ba.
Abin ya ɗan ba ni tsoro.

Ba sai an fasa tsofaffin ba, in ji masu aikin,
a kansu za mu manna.
Na ce ku dakata, ku ciro mini ɗaya,
na huɗu daga famfo, wanda furensa ke kallon ƙasa.
Yana riƙe da shi na leƙo na ce ina da ciki.
Ya manna shi a kife,
bai taɓa yarda ya gyara ba.

Yanzu minti biyu na gama gogewa, a tsaye.
Safiyar Asabar ta dawo hannuna
ban san inda zan ajiye ta ba.
Nakan gangara bakin ruwa in ga masunta na sauke sardin.
Tayil ɗin yana kicin, butar kofi nake ɗorawa a kai.

Wani lokaci, ruwan zafi na zuba a wuyana,
nakan ƙwanƙwasa farin bangon,
na huɗu daga famfo.
Nan ne kawai yake amsawa.